Kada Yaro Ya Taɓa Karen da Ba na Gidansu Ba

  Maganar da muka kawo yau a kan yara ce da karnuka. Mun sani wani zai ce a ransa, duk matsalolin da ke damunmu a rasa abin magana sai kare? Muna roƙo ku ba mu kunne tukuna.

A ƙauyukanmu da wuya ka shiga gida biyar ba ka tarar da kare ba. Shi ke tsaron gida da dare, shi ke korar birai daga gona, shi ke raka maza farauta da rani. Ba mu zo mu ce a rabu da karnuka ba. Abin da ke damunmu shi ne wani hali da mukan gani ko'ina muka zaga. Yaro ya ga kare a kasuwa, ko a ƙofar gidan da aka aike shi, ko ɗan kwikwiyo a bakin hanya, sai ya nufe shi da gudu, ya shafa kansa, ya ja wutsiyarsa, wani ma ya rungume shi. Bai tambayi kowa ba. Manya kuwa suna zaune suna kallo, wani lokaci har da dariya.

Yaro yana yin haka ne domin ya saba da karen gidansu, yana tsammani duk kare ɗaya ne. Amma kare ba ya ganin abin haka. Karen gidanku ya san warin jikin yaron tun yana jariri. Karen wani bai san shi ba, abin da yake gani kawai shi ne baƙo ya taso masa gadan-gadan, yana ihu, yana kallonsa cikin ido, yana ɗaga hannu bisa kansa. A wurin kare wannan duka tsokana ce. Ga shi kuma fuskar yaro mai shekara huɗu ko biyar ba ta da nisa da bakin kare. Shi ya sa babba yakan sami cizo a ƙafa ko a hannu, amma ƙaramin yaro a fuska, ko a wuya, ko a ka. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Akwai kuskuren da har manya suke yi, wato a ce in kare yana kaɗa wutsiya to murna yake. Ba kullum ba. Kare yakan kaɗa wutsiya sa'ad da hankalinsa ya tashi, ko don murna ko don fushi. A dubi sauran jikin. In ya sandare, gashin bayansa ya miƙe, ya kwantar da kunnuwa baya, yana gurnani ko yana nuna haƙora, wannan kowa ya gane. Amma akwai wanda zai kau da kai, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu, yana lasar baki, yana ja da baya. Wannan tsoro yake ji, yana roƙo a ƙyale shi. Yaro kuwa sai ya ɗauka kunya ce, ya ƙara matsowa. Kare mai tsoro da ya rasa hanyar gudu cizo yake yi.

Haka nan karen da aka ɗaure da sarƙa, gama ba shi da wurin gudu. Haka karen da ke cin abinci ko yana gwigwiyar ƙashi, da wanda ke barci, da mai ciwo a jiki. Mafi haɗari duka ita ce karya mai shayarwa. 'Yan kwikwiyo suna da ban sha'awa, babu yaron da zai gan su bai so ɗauka ba, uwar kuwa ko mai gidan sai ya yi hankali da ita a kwanakin nan.

Da ciwon cizon ne kaɗai, da da sauƙi, sai a wanke a sa magani ya warke. Abin da ya sa muka tara ku shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar wannan ciwo tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga jikin mutum ta wurin cizo, ko yakushi, ko kuma in kare ya lashi wurin da fata ta fashe, ko ido, ko baki. Ku tuna yawancin yaranmu ba su rabuwa da gyambo ko ƙujewa a gwiwa. Bayan ta shiga, ba ta bin jini, jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Saboda haka ba a ganin kome da wuri. Yawanci sai bayan wata 2 zuwa 3 alamu suke fitowa, amma yana iya zama mako ɗaya, yana kuma iya kaiwa shekara. In cizon yana kusa da kai, tafiyar ƙwayar gajeruwa ce. Kun ga dalilin da ya sa muka ce ku riƙe maganar fuska da wuya.

Sa'ad da alamu suka fito, wato zazzaɓi, ƙaiƙayi ko zafi a wurin tsohon cizon da ya riga ya warke, firgita, da kasa haɗiye ruwa ko da ƙishi yana kashe mutum, to an makara. Babu asibitin da ke da maganinsa a wannan mataki, kusan duk wanda ya kai nan mutuwa yake yi. Sau da yawa iyali sun riga sun manta da cizon, sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta zargin maƙwabci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa.

Za ku ce ai mun san mahaukacin kare, mai yawo yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya tarar. Gaskiya ne, amma wannan kashi ɗaya ne. Akwai wanda ciwon yake kama shi da shiru. Ba ya haushi, ba ya bin kowa, sai ya lafe a inuwa, bakinsa a sake kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro. Irin wannan ne yaro mai tausayi yake zuwa ya shafa, babba ma yakan sa hannu a bakinsa wai zai cire ƙashin. Ɗan kwikwiyo ma yana iya ɗauke da ciwon, ƙanƙantarsa ba ta hana ba. Kare kuma yana iya fara zubar da ƙwayar cikin yawunsa kwanaki kaɗan kafin a ga wani canji a jikinsa. Ashe ido ba ya iya raba mai lafiya da marar lafiya.

Karnuka kuma suna tafiya mai nisa fiye da yadda muke zato. Waɗanda suka san kasuwar karnuka ta Dawaki, a Ƙaramar Hukumar Kanke ta Jihar Filato, sun san daga jihohi masu nisa ake kawo su cikin motoci, daga nan kuma a wuce da su kudu. Likitocin dabbobi a Najeriya sun sha samun ƙwayar ciwon cikin ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka domin nama, waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau. Saboda haka karen da ɗan kasuwa ya ɗaure a gindin itace yana jiran mota, ko wanda maƙwabci ya sayo jiya, ba abin wasan yara ba ne.

To, me za mu koya wa yara? Doka ɗaya ce, gajeruwa, wadda ɗan shekara uku zai iya riƙewa: karen da ba na gidanmu ba, ba a taɓa shi sai an tambayi mai shi. In babu mai shi a wurin, ba a taɓawa sam. Yaranmu sun iya gaisuwa, sun san ba a shiga ɗakin mutum ba sallama, ba a ɗaukar fartanyar wani ba izini. Wannan ma ladabi ne irin wancan. Yaro ya tsaya daga nesa ya ce, “Baba, in taɓa karenka?” ko “Mama, yana cizo?” In an ce a'a, ya haƙura, ba a yi masa rowa ba. In an ce i, ya tsaya a gefe, ya bar karen ya zo da kansa ya sansana shi, sa'an nan ya shafa kafaɗa ko gefen jiki a hankali. Ban da kai, ban da wutsiya, ban da runguma, ban da kai fuska kusa da bakinsa. In karen bai zo ba, shi ma ya ce a'a ke nan.

Kada a ce ai karen maƙwabci ne, kullum muna ganinsa. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Yara da yawa karen da suka sani ne yake cizonsu.

Mu masu karnuka kuma muna da namu rabon. Da baƙo ya yi sallama, maganar da ke bakinmu ita ce, “Shigo, ba ya cizo.” Wa ya ba mu wannan tabbaci? Abin da muka sani kawai shi ne bai ciji kowa ba tukuna. In yaro ya tambaye mu, mu faɗa masa gaskiya, ko da uwarsa za ta ji ba daɗi. Lokacin Kirsimeti da Sabuwar Shekara, sa'ad da yara suke yawon gaisuwa gida gida, jikokinmu kuma sun zo daga birni ba su san karnukan ƙauye ba, a kulle kare a wani wuri da ruwa da inuwa. Haka ma ranar biki ko zaman makoki.

In kuwa kare ne ya taso wa yaro, kada ya gudu. Mun sani wannan da wuya, amma babu yaron da zai tsere wa kare, gudun ma shi ke sa karen ya bi. Ya tsaya ƙiƙam kamar kututture, hannuwa a jiki, ido a ƙasa, ba ihu, ba jifa. Yawanci kare zai sansana ya wuce. In ya kā da shi, ya dunƙule kamar bushiya, ya rufe fuska da wuya da hannuwansa. Malaman makarantar Lahadi, wannan abu ne da za ku iya mayarwa wasa a filin majami'a, ɗaya ya zama kare, sauran su zama kututture. Abin da yaro ya gwada da jikinsa ya fi zama masa fiye da abin da ya ji da kunne.

Yanzu ga maganar da ta fi mana nauyi, muna kuwa yi wa iyaye ne. Mun kafa doka, yaro ya karya, kare ya yakushe shi. Me zai yi? In ya san bulala ce ke jiransa a gida, zai ja riga ya rufe wurin, ya yi shiru. Ciwon ƙarami ne, cikin mako ɗaya ya warke, ba wanda ya sani, sai bayan wata biyu. Wannan shirun shi ke kashe yara. Saboda haka ku faɗa musu tun yau, ku kuma cika alkawarin: duk wanda kare ya ciza, ko ya yakusa, ko ya lasar masa ciwo, ya zo ya faɗa nan da nan, ba za a doke shi ba. Faɗa da horo su jira wani lokaci.

Da yaro ya faɗa, abu na fari wanki ne. Ruwa mai yawa da sabulu, kowane irin sabulu, a yi ta zubawa ana wankewa har minti 15. A duba agogo ko waya, gama minti 15 yana da tsawo fiye da yadda muke ji, yaron kuma zai yi kuka. Wannan wankin yana rage ƙwayar ƙwarai. In akwai aidin a shafa. Kada a sa barkono, ko toka, ko kananzir, ko baƙin mai, ko ƙonannen gashin karen kamar yadda wasu suka gada. Ba su kashe ƙwayar, sai dai su ɓata lokaci. Kada kuma a ɗaure wurin tam.

Daga nan sai asibiti, a ranar, ba gobe ba, ba sai an sayar da hatsi ran kasuwa ba. Ku ce a fili, “Kare ne ya cije shi, muna son allurar rigakafin haukan kare.” Allurar tetanas dabam take, tana da amfani, amma ba ta tsare mutum daga wannan ciwo. Ita wannan allura sanyi take bukata, saboda haka ba kowane ɗakin shan magani na ƙauye ne yake da ita ba, sau da yawa sai babban asibiti. Ba sau ɗaya ake yi ba. Ana yi a ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, wani tsarin kuma yana da ƙari daga baya. A cika duka yadda ma'aikacin lafiya ya rubuta, ko da ciwon ya warke. In cizon ya huda fata har jini ya fita, akwai wata allura kuma da ake yi a cikin ciwon kansa, ku tambaya a kanta. In kwanaki sun riga sun wuce kafin ku ji labari, ku tafi duk da haka, muddin alamu ba su fito ba. Wannan rigakafi ba sabon abu ba ne. A shekarar 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, yaron kuwa ya rayu har ya manyanta.

Allurar tana da tsada ga talaka, ga kuɗin mota. Muna ba zumuntar mata da dattawa shawara su ware wani abu daga asusun taimako domin irin wannan, a ba iyali rance a ranar, a yi lissafi daga baya.

Shi kuma karen, in an san shi, kada a yi saurin kashe shi ko sayar da shi. A kulle shi, a ba shi abinci da ruwa, a lura da shi kwana 10. In yana da ƙwayar a yawunsa ranar da ya yi cizon, cikin kwanakin nan zai nuna ko ya mutu. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura, likita ne zai ce a tsaya ko a ci gaba. In ya mutu, ko an kashe shi dole, kada a feɗe, kada a ci, kada yara su taɓa gawar. A kira malamin dabbobi, shi ya san yadda za a aika da kan zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, inda ake gwada ƙwaƙwalwar.

A Vom ɗin nan kuma ake yin allurar rigakafin karnuka. Ana yi wa kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara, a ajiye takardar shaida. Masana sun nuna cewa in aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na wani yanki, ciwon yakan daina yawo tsakaninsu. Kowace shekara ana kiyaye 28 ga Satumba a matsayin ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, a wajen wannan lokaci kuma ofisoshin dabbobi sukan shirya yin allura. Malamin dabbobi ba zai hau babur ya zo don kare ɗaya ba, amma zai zo don talatin. Muna roƙon magatakardan kowace ikkilisiya ya rubuta gidajen da ke da karnuka da yawansu, har da 'yan kwikwiyo, a je da takardar wurin mai unguwa da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a sa rana.  Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu.