Jawabin Magatakardan Ƙungiya: Wuta Ta Ci, Amma Nawa Ta Ci?

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan Zango, malamai, alhazai da hajiyoyi, da baƙinmu na Boku, Wagadugu da Yamai, barkanku da zuwa Kumasi. Allah Ya maimaita mana.

An ba ofis ɗan lokaci ya yi magana, kuma mun zaɓi maganar wuta. Duk wanda ya bi hanyar Teciman, Kintamfo, Tamale har Paga da hunturu ya ga daji baƙi ƙirin a gefen titi. Mukan wuce mu ce Allah Ya sawwaƙe. Amma a cikin tokar nan akwai kuɗinmu: doyar da aka bari a gona, itatuwan kashu da kaɗanya da muka ba da kuɗin kayansu tun kafin su nuna, da ciyawar da shanun da muke saye za su ci.

Dattawa sun tuna 1983. Fari ya zo, wutar daji ta cinye gonakin koko da na abinci, kuma a shekarar ce Najeriya ta koro 'yan Gana wajen miliyan ɗaya. Yunwa ta shiga gidaje. A 1990 gwamnatin Rawlings ta kafa dokar hana ƙona daji, amma har yau kowane rani sai an ƙona.

Abin da ya canza shi ne yanzu ana ganin wutar daga sama. Hukumar NASA ta Amurka tana da taurarin ɗan'adam, irin su Terra da aka harba a 1999 da Aqua a 2002, masu gane zafin wuta su nuna wuri da rana. Turai kuma tana da Sentinel-2, mai ɗaukar hoton wuri ɗaya duk kwana 5, yana rarrabe fili mai faɗin mita 10. Hotunan kyauta ne a intanet. Masana sukan ɗauki hoton kafin wuta da na bayanta su gwama. Ɗanyen ganye da toka ba sa mayar da haske iri ɗaya, da haka ake auna faɗin da ya ƙone.

Daga nan lissafin irin namu ne na kasuwa. A ce gona eka 10 ta ƙone, kowace eka takan ba da buhu 5. Buhu 50 ke nan, sai a buga da farashin buhu. Idan itatuwa ne suka mutu, sai a ƙara da shekarun da za a jira kafin sababbi su yi 'ya'ya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tauraro ya san eka, bai san farashi ba. Bai san wa ya ba manomi kuɗi ba, bai san buhu nawa ke cikin rumbu ba. Ƙurar hunturu da gajimare sukan rufe masa ido, ƙaramar wuta a ƙarƙashin itatuwa takan kuɓuce masa. Rabin lissafin yana sama, rabin yana cikin littattafanmu, kuma namu rabin ne ke ɓacewa.

Mun ga haka a nan gida. Wuta ta tashi a sabuwar kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023, ta sake tashi a Adum a watan Maris na 2025. A irin wannan rana jami'an NADMO sukan zo rubuta sunaye da asara. Ɗan kasuwa sai ya tsaya yana ƙirga da ka, domin littafinsa ya ƙone tare da kayan. Mai bin sa bashi a Nijar ko Burkina yana da nasa lissafin, shi kuwa ba shi da abin nunawa. Daga nan zumuncin shekaru yake lalacewa, rigimar kuma teburinmu take zuwa.

Saboda haka muna roƙon abu 3. Na farko, duk wanda ya ba manomi kuɗi ya rubuta sunan ƙauyen da ranar, ya sa yaro ya ɗauki alamar wurin gonar a waya, don in wuta ta ci a iya nemo ta a hoton sama. Na biyu, duk ƙarshen wata a ɗauki hoton littafin shago da rasit, a aika wa ɗan'uwa ta WhatsApp. Na uku, mai so ya kawo kwafi ofis mu ajiye masa cikin amana, ba mai gani sai da izininsa.

Iyayenmu, mun san da amana kuka yi fataucin goro, baki da baki, kuma ta riƙe ku. Ba mu ce a bar ta ba. Rubuta bashi ma addini ne ya umarce mu, kuma takarda tana tsare amanar ranar da wuta ta ci shaida.

Allah Ya tsare dukiyarmu da rayukanmu, Ya mayar da baƙinmu gida lafiya.