Sashe Na 35 Da Mutanen Da Muka Ajiye A Gidan Yari

 

An ce in yi magana a kan 'yancin ɗan ƙasa da manyan hukunce-hukuncen da suka tsayar da shi, kuma na san abin da ake jira. Ana jira in faro daga Amurka: Gideon, wanda ya rubuta kokensa da fensir daga kurkukun Florida har Kotun Ƙolin ƙasar ta ce a 1963 dole gwamnati ta ɗaukar wa talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya, sai Miranda a 1966, inda aka wajabta wa ɗan sanda ya sanar da wanda ya kama cewa yana da ikon yin shiru. Ɗalibanmu sun haddace su kamar karatun allo. Ni ba ni da faɗa da waɗannan shari'o'i, faɗana da mu ne. Ikon yin shirun da sai da aka kai ruwa rana a kansa a can, mu a rubuce yake ɓaro-ɓaro a sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Ba mu rasa doka ba.

Ba sai na maimaita muku yadda babi na huɗu na Kundin, inda sashen yake, ya samo asali daga rahoton Willink na 1958 ba, ko yadda Babbar Kotun Maiduguri ta tsaya wa Alhaji Shugaba Darman bayan gwamnatin tarayya ta kwashe shi ta tsallakar da shi Chadi a 1980. Kotunanmu sun taɓa nuna suna da ƙashin baya. Amma Shugaba Darman jagoran masu rinjaye ne a majalisar jihar Borno, yana da jam'iyya, yana da lauyoyi. Maganata yau a kan wanda ba shi da kowa ce.

Me sashe na 35 ya ce? Wanda aka kama, a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. In an yi wata biyu yana tsare ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, da sharaɗi ko ba sharaɗi. Wanda aka tsare ba bisa doka ba, a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Sai ƙaramin sashe na 7 ya bar wata kafa: wa'adin nan bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Ta wannan kafa ake zurara mutane. Duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare ranar Litinin da safe ya san yadda ake yi. Rigima ce ta waya ko ta babur, sai a rubuta haɗa baki da fashi da makami a takardar ƙara. A kawo mutum gaban majistare, alhali mai gabatar da ƙara ya sani, majistare ya sani, kotun ba ta da hurumin sauraren fashi da makami. Ba a tambayarsa ya amsa laifi ko bai amsa ba. Ba a maganar beli. Sai a ce an aike da shi gidan gyaran hali, ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Ni ina kiran wannan tuhumar ajiya, don ajiye mutum kawai ake yi, kamar kayan da aka bar wa mai shago.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗa tun 1993, a shari'ar Enwere, cewa dokarmu ba ta san irin wannan tuhuma ba. Sai Kotun Ƙoli ta zo a 2007, a shari'ar Lufadeju da Johnson, ta ce majistare a Legas yana da ikon ba da umarnin tsarewa ko da laifin ya fi ƙarfin kotunsa, domin tsarewa daban, gurfanarwa daban. Da dukkan girmamawa ga iyayenmu na Kotun Ƙoli, na daɗe ina faɗa, kuma yau ma zan faɗa: hukuncin nan ya cutar da talaka. A takarda bambancin yana da ma'ana. Ga wanda ke kwance a siminti, kwana ɗaya na tsarewa da kwana ɗaya na ɗauri tsawonsu ɗaya ne. Kotun ta halatta shiga, ba ta sa ranar fita ba.

Na taɓa zuwa wani gidan yari, ba zan faɗi suna ba, don ganin wani da nake karewa. Ina fita wani saurayi ya riƙe gefen rigata. Mai tura kurar ruwa ne. Ya zaro wata takarda daga cikin ledar burodi, ta sha naɗi har layukan naɗin sun yage, an liƙe su da salatif. A bayanta wani ya riƙa rubuta masa ranakun da aka ɗage zama, layi bayan layi, tawada kala uku. Na ƙirga, shekara huɗu da watanni. Na bi sawun fayil ɗinsa. Ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki, fayil bai taɓa isa ma'aikatar shari'a ba. Shawarar da ake jira babu wanda aka nema ya bayar. Mahaifiyarsa na zuwa duk Juma'a da kwanon tuwo, kuma abin da ta tambaye ni ke nan: “Lauya, shekara nawa aka yanke masa?” Na rasa yadda zan gaya mata cewa ba a yanke masa ko kwana ɗaya ba.

Kada wani ya ce labari ne na ɗauko don in sosa zuciya. Akwai wanda ke rubuce a kundin kotu. An kama Sikiru Alade a Legas a 2003, majistare ya aike da shi Kirikiri bisa irin wannan tuhuma, ya kwashe shekara tara ba shari'a. Sai a 2012 Kotun ECOWAS ta ce tsarewar haramtacciya ce, ta ba da umarnin a sake shi.

Yanzu mu zo kan lissafi, don nan ne nake so ku tsaya. Alƙaluman da Hukumar Gidajen Gyaran Hali da kanta take fitarwa a 'yan shekarun nan sun nuna sama da mutum 70,000 ne a tsare, kuma a cikin kowane uku, kimanin biyu jiran shari'a suke yi. Wato wajen mutum 50,000 waɗanda sashe na 36 ya ce a ɗauke su marasa laifi har sai an tabbatar. Ku ɗauki wannan adadi ku auna duk abin da muke faɗa. Ana kukan cunkoso, ana neman kuɗin gina sababbin gidaje. To, cunkoson na waɗanda aka ɗaure ne? Da su kaɗai ne a ciki, da wuri ya ishe su. Ana maganar kuɗin ciyarwa. Biyu bisa ukunsa na tafiya ne kan mutanen da babu alƙalin da ya ce sun yi laifi. A 2019 an canza sunan gidan yari ya koma gidan gyaran hali. Wane hali za a gyara wa mutumin da ba a tabbatar halinsa ya ɓaci ba? Kuma ku lura, rabon nan bai motsa wani abin kirki ba daga kafin dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 zuwa bayanta.

Na ambaci dokar 2015 don na san abokaina za su ce ai ta magance matsalar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta sa wa'adi: kwana 14, a ƙara 14, sannan a kira hukuma ta kawo dalili, gaba ɗaya kada a wuce kwana 56. Ta ce babban majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata. Ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Kaduna ta yi tata a 2017, Kano a 2019. Duk na yaba. Amma dokar ba ta ce ga abin da zai sami wanda ya bar kwana 56 ya zama shekara biyar ba, kuma ni ban taɓa ganin jami'in da ya rasa ko albashin wata ɗaya kan fayil ɗin da ya ɓace ba. Masu cewa ana fama da 'yan bindiga, ba lokacin wannan magana ba ne, amsarsu gajera ce: wanda ke da hujja a kan ɗan bindiga babbar kotu zai nufa. Mai ajiye mutum a wurin majistare, galibi hujjar ce babu. Shari'ar Musulunci da yawancinmu muka tashi a cikinta ma a kan haka take: asali mutum kuɓutacce ne, hujja na wuyan mai da'awa.

In za mu ari misali daga waje, mu are shi daga Indiya, wadda dokar laifukanmu ta Arewa ta 1960 ta samo tushe daga tata, ta hannun Sudan. A 1979, a shari'ar Hussainara Khatoon, Kotun Ƙolin Indiya ta gano mutane a jihar Bihar da suka yi zaman jira fiye da ɗaurin da laifinsu ya tanada. Ta ce saurin shari'a ɓangare ne na 'yancin rayuwa, ta sa aka saki dubbai. Wannan ya kamata ɗalibanmu su haddace.

Abin da nake nema na sha faɗarsa. Kotun Ƙoli ta sake duba Lufadeju a farkon damar da ta samu, mu kuma lauyoyi mu kai mata damar. Laifin da ya fi ƙarfin majistare, a kai neman tsarewa gaban alƙalin babbar kotu kai tsaye, mai gabatar da ƙara ya rantse a kan hujjar da ke hannunsa. Wa'adi in ya cika, takardar tsarewa ta mutu da kanta, shugaban gidan yari ya mayar da mutum kotu ba tare da jiran kowa ba. Zagayen da manyan alƙalan jihohi ke yi su saki mutum ashirin ko talatin alheri ne, amma 'yanci ba sadaka ba ne. Diyyar da sashe na 35 ya tanada a ƙaramin sashe na 6 kuma mu fara nemanta da gaske, a sa sunan jami'in da ya riƙe fayil a cikin ƙarar, ba gwamnati kaɗai ba.

Ku kuma ƙananan lauyoyi da ke zaune can baya, dokokin tabbatar da 'yanci na 2009 sun ba ku damar shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, ko ba danginku ba ne. Kowannenku ya je gidan yarin da ya fi kusa da shi cikin watan nan, ya nemi rajistar masu jiran shari'a, ya fara da sunan da ya fi daɗewa.