Ciwon Zuciya: Takardar Awo Taka Ce, Ka San Abin Da Ke Cikinta

Jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin manya a Achilafiya, Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi

 

Yau maganarmu a kan takardar da ake ba mai ciwon zuciya ce bayan an auna shi a asibiti. Da yawa sukan ninke ta su sa a aljihu, shi ke nan. To, wannan takarda labarin zuciyarka ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na hanyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18. Babu cutar da ta kai su kisa.

Duk mai noman rani ya san injin ban-ruwa. Zuciya haka take, tana tura jini ko'ina a jiki. Amma ita ma tana da 'yan ƙananan jijiyoyi da ke kawo mata nata jinin. Idan kitse ya taru a cikinsu, sai hanya ta tsuke, kamar tiyon da laka ta cushe. Shi ya sa mai ciwon yakan ji ƙirjinsa ya ɗaure idan yana huɗa ko ya ɗauki kaya, in ya huta kuma ya sake shi. Wasu sukan ce olsa ce, wasu su ce jifa ne.

Ga abubuwa huɗu da za ku gani a takarda.

Na ɗaya, awon jini. Za ku ga BP, sannan lamba biyu, ɗaya bisa ɗaya, kamar 120/80. Wannan lafiya lau. Idan kullum aka auna ana samun 140/90 ko fiye, hawan jini ne, zuciya na aikin wahala.

Na biyu, ECG. Shi ne wanda ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji, inji ya zana layi mai hawa da sauka. Ba ya ja, ba ya zafi. Yana nuna yadda zuciya ke bugawa, da tabon da ciwo ya bari. Babban mutum in yana hutawa, zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Amma ku saurara da kyau: ana yin wannan awo ne kana kwance. Jijiya na iya zama a tsuke, takarda kuma ta fito kalau, domin ciwon sai an motsa yake tashi. Don haka in an ce ECG ya yi kyau, ba a ce ka warke ba. Kada ka ajiye magani.

Na uku, hoton zuciya da ake kira eko, irin na'urar da ake duba mai juna biyu da ita. Ku nemi haruffa biyu, EF. Suna nuna yawan jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya. Daga 50 zuwa 70 cikin ɗari, ƙarfinta na nan. Ƙasa da 40, ta raunana. Wannan ba sammacin mutuwa ba ne. Da magani a kan kari, lambar takan ƙaru.

Na huɗu, gwajin jini. LDL shi ne mugun kitsen da ke toshe hanya, ana so ya yi ƙasa sosai. Sai suga. Idan aka auna kafin karin kumallo aka ga 7 ko fiye, a wani ma'aunin kuma 126, likita zai sake aunawa don ya tabbatar ko ciwon suga ne.

Lamba ɗaya ba ta isa hukunci ba. Likita yakan gwada ta bana da ta bara, kamar yadda manomi ke ƙirga damin bana da na bara. Saboda haka ku adana takardun duka a leda, nesa da ruwa da gara. Ko Babban Asibitin Kazaure za ku, ko an tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku tafi da su, da kwalayen magungunanku. Ku yi wa likita tambaya uku: Me lambata ta nuna? Nawa ake so ta zama? Yaushe zan dawo? Ku rubuta amsar da hannunku. Matambayi ba ya ɓata.

A gida kuma, gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin dunƙulen miya. A rage kitse da man shanu. Sigari kuwa a rabu da ita sam.

Daga ƙarshe, akwai lokacin da ba a tsayawa duba takarda. Idan ƙirji ya danne kamar an ɗora dutse, an huta bai sake ba, ga gumi, ga ciwo na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, a nemi mota nan take sai asibiti. Kada a tsaya kemis, kada a jira gari ya waye.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.