Ana Ba Da Kuɗɗi Kiwo Kamar Yadda Ake Ba Da Saniya

Ga jawabin da aka karanta ma ɗaliban karatun manya bayan kaka.

Jama'a, kowa ya san yadda ake ba da kiwo. Manomi ya saida wake ko albasa, ya sayi karsana, ya danƙa ma makiyayi. Makiyayi ya san wurin ciyawa da ruwa. Ladanshi nono ne, ko hatsi, ko abin da suka shirya. In saniya ta haihu, maraƙi na mai ita ne. In fari ya zo irin na 1973 ko na 1984 ta mutu, hasara ma tashi ce.

To, kuɗɗi ma ana ba da su kiwo. A Abijan akwai kasuwar hannun jari da ake kira BRVM. An buɗe ta a 1998, ƙasashe 8 masu kuɗɗin sefa suka haɗu a kanta, har da Nijar. Can ba a saida bisashe. Ana saida rabo cikin manyan kamfanoni, da takardun bashi na gwamnatoci. Mutum ba ya shiga da kanshi. Sai ya bi ta hannun kamfanin dillalai mai izinin hukuma, wanda ake ce ma SGI.

Mai kuɗɗi yana iya ce ma dillali ya saya mishi kaza. Yana iya kuma sa hannu a takarda, ya bar ma gwani zaɓi. Gwani na kirki tambaya yake farawa da ita. Yaushe za a bukaci kuɗɗin? Da biki gaba? In rabi ya ɓace, gida zai ci tuwo? Sannan ya rarraba su wuri-wuri, don in wani kamfani ya faɗi, sauran su riƙe.

Gwani ba ya aiki kyauta. A misali, in an shirya dala 2 bisa kowace dala 100 a shekara, mai jika 100 zai biya jika 2. Sau da yawa ladan nan yana fita ko an ci riba ko ba a ci ba. Nan ne amfanin karatu: wanda ya iya, shi zai duba takardar da idonshi kafin ya sa hannu.

Akwai kuma masu yawo cikin kasuwannin ƙauye, ko masu kira ta salula, suna cewa za su ninka kuɗɗi cikin wata guda. Dillali mai izini ba ya yin wannan alkawari, don bai san gobe ba. Wanda ya zo da irin zancen nan, a tambaye shi takardar izini da inda ofishinshi yake.

Kuɗɗin iri da na cimakar damana ba su cikin wannan zance. Rarar da ta saura bayan an cika rumbu, ita ake ba da kiwo, kuma a karɓi takardar shaida a adana ta inda gara ba ta kai.