Yaɓe Ba Ado Ba Ne: Jawabin da Aka Gabatar a Ƙofar Atiku



Wannan ƙofa da muka taru a gindinta tana ɗauke da sunan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842. Ganuwar da ta ratsa nan kuwa galibinta ta zube, domin ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da yaɓe. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa kafin damina magina kan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Dogayen benayen zamani ma suna da nasu yaɓen, wato rigar dutse ko ƙarfe ko gilashi da ake lulluɓe su da ita. A birnin Shikago na Amurka an gama benen kamfanin Standard Oil mai hawa 83 a 1973, aka lulluɓe shi da fallayen marmara kimanin 43,000 daga Italiya. Sai dai an yanka su sirara, zafi da sanyi suka tanƙwara su har aka ji tsoron su rikito kan jama'a. Daga 1990 zuwa 1992 aka sauya su duka da dutse mai kauri, aka kashe sama da dala miliyan 80, wato fiye da rabin kuɗin da aka gina benen.

Can dukiya kaɗai aka rasa. A Landan, an yi wa benen Grenfell mai hawa 24 sabuwar riga ta alminiyam mai roba a tsakiya, aka bar wadda ta fi tsada don a rage kusan fam 300,000. Ran 14 ga Yuni, 2017, gobara ta bi wannan riga ta haye sama, mutum 72 suka hallaka.

To, 'yan'uwa, gobe mu ne za a kawo wa fayil mu sa hannu. Benayenmu na Sakkwato ba su kai waɗancan tsawo ba, amma ranar bazara da hunturu da ruwan damina ba su raga wa kowane bango. Wajibi ne mu tambayi ɗan kwangila: shekara nawa wannan riga za ta yi, wuta tana cin ta, nawa kuma za a kashe ranar da za a sauya ta? Mu kuma tanadi kuɗin gyara a kasafin kowace shekara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya sa mu riƙe amana. Wassalam.