Rumbun da Ke Cikin Jikin Ɗan Adam



An nemi in yi jawabi a kan lafiya, ni kuwa alli na sani, ba allura ba. Saboda haka zan koma aji, in ɗauko tambayar da yara suka sha yi mini: idan mutum ya rame, ina kitsensa yake tafiya?

Allah ya yi wa jiki ajiya iri biyu. Ta farko sukarin da hanta take ɓoyewa, wanda da ƙyar yake kai mutum kwana guda in bai ci komai ba. Shi ne garin da ke cikin ɗaki. Ta biyu kitse, shi ne rumbu. Giram 1 na kitse yana ba da kalori 9, na sitaci kuwa 4 kacal. Tozon raƙumi ma kitse ne, ba ruwa ba.

Idan sinadarin insulin ya ragu a jini, kamar ga mai azumi, sai a buɗe rumbu. Kitse ya saki waɗansu dogayen sinadarai masu kama da carbi, jini ya kai su ga tsoka da zuciya. A cikin ƙwayoyin halitta akwai wani ɗan murhu, mitokondiriya; a nan ake tsinke carbin, ƙwaya biyu-biyu. Wanda ya fi yawa a manja ƙwaya 16 gare shi, sai an yanka shi sau 7 ya zama gutsure 8. Wani Bajamushe, Franz Knoop, shi ya gano haka a 1904, da gwaji a kan karnuka. Gutsattsarin nan ake ƙonawa da iskar da muka shaƙa, a sami ƙarfi. To, ga amsar yaran: mafi yawan kitsen ta numfashi yake fita, saura ya zama ruwa.

Ƙwaƙwalwa ba ta ƙona kitse kai tsaye, sai hanta ta juya mata shi zuwa wani sinadari, kiton. Ga mai lafiya wannan rahama ce. Amma mai ciwon sukari da ke kan allurar insulin, in ya daina ta, rumbun ne yake buɗewa ba mai tsaro: kiton ya cika jini, jini ya yi tsami. Sai ƙishirwa, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi, daga nan suma, har rasa rai. Kada a tsaya jiƙa saiwa, asibiti za a nufa nan take. Mai irin wannan lalura kuma ya ga likita tun watan Sha'aban, kafin ya ɗauki azumi.