Kunun Ots: Yadda Za A Ƙara Masa Daɗi Ba Tare Da An Kashe Amfaninsa Ba

Jawabin da aka gabatar a wurin taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



An nemi in yi magana a kan abinci da lafiya, aka kuma ce kada in daɗe. Da yake fagen yana da faɗi, na ga gara in ɗauki abu guda in tsaya a kansa, wato kunun ots, wanda yawancinmu muka fi sani da Kwaka, saboda sunan kamfanin Quaker da ke jikin gwangwaninsa.

Dalilin zaɓen nan kuwa shi ne, da yawa daga cikinmu mun kai shekarun da likita yake sa baki a kwanon mutum. Wannan an ce jininsa ya hau, wancan suga, wancan kuma kitse ya yi yawa a jini. Cikin shawarwarin da akan ba mu, da wuya a rasa cewa a riƙa karyawa da ots. Sai mutum ya sayo, ya sha kwana uku, ya ce abin lami ne, ga yauƙi, ba ya wucewa a maƙogwaro. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko dai ya jingine gwangwanin a kan kanta ya koma wa shayi mai kauri da farin burodi, ko kuwa ya antaya masa suga cokali huɗu da madara mai zaƙi don ya shawu. Na biyun nan ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Abincin da aka ce mutum ya ci don lafiya, in bai yi masa daɗi ba, ba zai ɗore a kansa ba, komai tsoron da likita ya ba shi. Saboda haka maganar daɗi ba ƙaramar magana ba ce.

Bari mu fara da sanin abin kansa. Ots hatsi ne na ƙasashen sanyi. Rasha da Kanada ne kan gaba wajen nomansa, mutanen Sikotilan kuwa sun daɗe suna karyawa da shi kamar yadda muke karyawa da koko. Abin da ya fito da sunansa wajen masana shi ne wani sinadari mai narkewa a ruwa da ake kira beta-gulukan. Shi ne ke sa kunun ya yi yauƙi kamar an sa masa kuɓewa. Idan ya isa hanji yakan rage saurin shigar suga cikin jini, ya kuma taimaka wajen rage mugun kitsen jini da likitoci ke kira kolestarol. A shekarar 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa rubuta wannan amfani a jikin kwalin ots, bisa ma'aunin giram 3 na sinadarin a kowace rana. Kwano guda na ots mai giram 40 yana ba da wajen rabin haka. Ke nan yauƙin nan da muke ƙyama shi ne abin da muka biya kuɗi dominsa.

Sannan ots iri uku ne a kasuwa. Akwai wanda aka datsa ƙwayarsa kamar tsaki, wannan yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 a wuta. Akwai wanda aka turara aka murje ya yi fale-fale, shi ne aka fi samu a nan, kuma minti 5 ya ishe shi. Akwai kuma na sha-yanzu, wanda ruwan zafi kawai ake zuba masa. Na ukun nan ya fi saurin ɗaga suga a jini, kuma wanda ke zuwa cikin ƙananan leda da ƙamshi sau da yawa an riga an sa masa suga. Mai neman lafiya ya tsaya a biyun farko.

To, yaya za a yi ya yi daɗi? Zan kawo hanyoyi biyar, kuma duk abin da zan ambata yana nan a kicin ɗin gidajenmu.

Ta farko ita ce dahuwa. Kafin a zuba ruwa, a sa ots ɗin a busasshiyar tukunya a kan wuta kaɗan, a yi ta juyawa na minti uku ko huɗu, har ya fara ƙamshi kamar ana suyar gyaɗa. Wannan kaɗai yana kawar da rabin lamin. Sai a zuba ruwa kofi biyu ga kowane kofi ɗaya na ots, a sa gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Mutanen Sikotilan da gishiri suka gaji shan nasu. Amma mai hawan jini ya tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini duka kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin miya da dunƙulen ɗanɗano.

Ta biyu ita ce tsami da yaji. Ku tuna kunun da muke sha a ɗakin cin abinci na makaranta, ranar da babu suga. Abin da ke ceton sa shi ne tsamiya da citta. Haka nan ots. A jiƙa tsamiya tun dare, a tace, a zuba ruwanta idan kunun ya kusa sauka. A daka citta da kanumfari da ɗan masoro, ko a jefa sandar kirfa tun ruwan yana tafasa. Wanda ba ya son tsamiya ya sa garin 'ya'yan kuka, wato ƙwame, ko ya matsa lemon tsami. Harshen da ya sami tsami da ƙamshin yaji ba ya cika neman zaƙi. Abin lura guda shi ne, ranar da aka sa tsamiya kada a zuba madara, don za ta tsinke.

Ta uku ita ce maiƙo da gina jiki. Kunun gyaɗa bai fi kunun zalla daɗi don komai ba sai don gyaɗar. A dama babban cokali guda na markaɗaɗɗiyar gyaɗa a cikin ots yana kan wuta, ko a barbaɗa masa soyayyen riɗi, ko dakakken ƙuli-ƙuli don haƙori ya sami abin taunawa. Ko kuwa a bari ya huce a zuba masa kindirmo marar suga, ya zama kamar fura da nono. A lokacin zafi ma ba sai an kunna wuta ba. A jiƙa ots a cikin kindirmo tun dare, a rufe a sa a firiji, da safe ya yi laushi, sai sha. Ban da daɗi, gyaɗa da nono suna sa abincin ya daɗe a ciki, mutum bai kai ƙarfe goma yana neman ƙosai ba. Sai dai a tsince gyaɗar sosai. Wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.

Ta huɗu ita ce zaƙi, kuma nan ne gizo ke saƙa. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini. Ga babban mutum wannan kimanin giram 50 ne, wato ƙananan cokula 12. Ta ƙara da cewa in an tsaya a rabin haka, cokula 6, ya fi. Wanda ya sa cokali huɗu a kunu da uku a shayi ya wuce shida tun bai fita daga gida ba. Zuma ma, duk da darajarta a wurinmu, a cikin wannan lissafi take. Abin yi shi ne a nemi zaƙi daga 'ya'yan itace da naman jikinsu: rabin nunanniyar ayaba a murƙushe ta cikin kunun, ko yankan gwanda, ko mangwaro a lokacinsa, ko dabino biyu a yayyanka ƙanana. Na ce biyu, don dabino ma zaƙi ne mai ƙarfi. Wanda ya saba da cokali huɗu kada ya yanke rana ɗaya. Ya koma uku na mako guda, sannan biyu, sannan ɗaya. Harshe yana sabo, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Ta biyar kuwa, wa ya ce dole ots ya zama kunu? Ana yin fate da shi kamar yadda ake faten tsaki ko na acca. A soya albasa da tattasai da tumatir da mai kaɗan, a sa daddawa, a tsai da ruwa, a zuba ots, in ya kusa nuna a sa alayyahu ko zogale da ɗan yakuwa. Da dafaffen ƙwai guda a gefe, karin kumallo ya kammala ba tare da ƙwayar suga ba. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mai ciwon suga. Wasu kuma suna niƙa shi su tuƙa tuwo a ci da miyar kuka ko kuɓewa. Ba laifi, amma a sani niƙa yana sa jiki ya narkar da shi da sauri, kuma malmala uku na tuwon ots har yanzu malmala uku ne.

Na san wani zai ce ots daga waje ake shigo da shi, kuma tsadarsa ba kowane ɗan fansho ne zai iya ba. Gaskiya ne. Wanda bai samu ba kada ya ɗauka an bar shi a baya. Gero da dawa da accar da ake nomawa a Filato da Bauci da kudancin Kaduna abinci ne masu kyau, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don gero da dangoginsa. Beta-gulukan dai a ots da sha'ir ya fi yawa, amma hatsinmu ma yana da nasa amfanin, muddin ba a surfe shi har an raba shi da dusarsa gaba ɗaya ba. Duk hanyoyi biyar da na ambata suna aiki a kan kunun gero da faten acca. Laifin da muke yi wa ots shi ne dai wanda muke yi wa koko, wato suga.

Kafin in zauna, gargaɗi biyu. Ots abinci ne, ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta, don haka kada wani ya ajiye ƙwayoyinsa ya ce ya koma kunu. Mai ciwon suga da ke da na'urar awo ya auna jininsa awa biyu bayan karyawa, zai gane da kansa wane haɗi ne ya karɓe shi. Mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likitansa kafin ya yawaita ayaba da dabino da gyaɗa.

Daga ƙarshe ina roƙon kwamitin abinci, a taron baɗi a dama mana kunu ba suga, a ajiye tsamiya da gyaɗa da kindirmo da 'ya'yan itace a gefe, kowa ya haɗa da hannunsa. Gani ya kori ji. Malamanmu, ku da kuka riga mu shiga wannan layi, muna sa ran ku ne za ku duba mana wanda ya ci jarrabawa.